Yadda ake kafa sabar imel ta kai, a tsare ta, a kuma ci gaba da kula da ita

Wanda ya saba da Linux zai iya girka manhajar da ke karɓar imel da aika shi cikin yini guda. Abin da ke cin makonni shi ne sa manyan masu riƙe akwatunan imel, irin su Gmail da Outlook da Yahoo, su yarda cewa saƙon da ya fito daga sabarka na gaskiya ne, su kai shi gaban mai shi maimakon su jefa shi cikin shara ko su ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Dalilin wannan wahala tsoho ne. Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP, wadda imel ke tafiya a kanta har yau, a 1982, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe ba su da yawa kuma masu su sun san juna, shi ya sa ba a saka mata wata hanyar tantance mai aikawa ba. Duk matakan tantancewar da ake amfani da su yanzu daga baya aka ɗora su, kuma a kansu ne mafi yawan aikinka zai kasance.

Adireshin IP da ƙofa ta 25

Kafin ka girka komai, ka tabbatar cewa kwamfutar da za ka yi amfani da ita tana iya yin wannan aiki. Intanet ɗin gida ba ya dacewa, domin adireshinsa yakan canza, kuma galibin irin waɗannan adireshi suna cikin jerin PBL na Spamhaus, wato jerin adireshin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba, wanda sabobi da yawa ke dubawa kafin su saurari mai aikawa. Abin da ya fi shi ne hayar VPS, wato sabar haya da ke wurin wani kamfani, mai adireshin IP wanda ba ya canzawa.

Sai dai ba kowane kamfanin haya ba ne yake barin ƙofa ta 25 a buɗe, alhali ta nan ne sabobi ke miƙa wa juna saƙo. Google Cloud yana toshe fita ta wannan ƙofa, Amazon kuma yana taƙaita ta a EC2 har sai mai haya ya nemi a ɗage masa. Da zarar ka karɓi injin, ka gwada da umarnin `nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25`. Idan bai haɗu ba, ka nemi kamfanin ya buɗe, idan kuma ya ƙi, ka canza kamfani ko ka shirya aika saƙonninka ta hannun wata sabar tsakiya da ke yin wannan sana'a.

Abu na biyu shi ne tarihin adireshin. Adireshin da aka ba ka wani ya taɓa riƙe shi, kuma idan wancan ya ɓata masa suna da saƙonnin shara, kai za ka gaji laifin. Ka duba shi a shafin Spamhaus da wani shafi mai duba jerin baƙaƙen adireshi da yawa a lokaci guda, irin su MXToolbox. Idan ka same shi a jeri mai nauyi, neman wani adireshin ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin wanke wannan. Na uku, ka tabbatar kamfanin yana ba ka damar saita rikodin PTR da kanka, wato rikodin da ke mayar da adireshin IP zuwa sunan sabarka, domin wannan rikodin a hannun mai adireshin yake, ba a wurin wanda ka sayi sunan yanki ba.

Game da ƙarfin inji, RAM mai gigabait 2 ya ishi Postfix mai aikawa da karɓa, da Dovecot mai ajiye akwatuna, da Rspamd mai tace shara, ga mutane kaɗan. Idan za ka ƙara ClamAV mai binciken ƙwayar cutar kwamfuta, shi kaɗai yana cin fiye da gigabait 1, saboda haka ka ƙara.

Rikodin DNS na farko

A misalan nan sunan yankin shi ne example.com, adireshin kuma 203.0.113.10, ka musanya su da naka. A DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan yanki da adireshi, kana buƙatar rikodin A da ke nuna cewa mail.example.com yana 203.0.113.10, da rikodin MX da ke nuna cewa imel ɗin example.com yana zuwa mail.example.com, sannan PTR da ke mayar da 203.0.113.10 zuwa mail.example.com. Dole ne MX ya nuna suna mai rikodin A na kansa; ba ya nuna lambar IP, ba ya kuma nuna CNAME, wato sunan da ke nuni zuwa wani suna. Sunan da sabar ke gabatar da kanta da shi yayin gaisuwar EHLO, da sunan da ke PTR, da wanda ke rikodin A, ya kamata duka su zama abu ɗaya. Umarnin `dig -x 203.0.113.10` zai nuna maka ko PTR ya zauna.

Idan injin yana da IPv6, ko dai ka yi masa AAAA (takwaran rikodin A na IPv6) da PTR yadda ya kamata, ko ka saka `inet_protocols = ipv4` a Postfix. Sabobi da yawa da suka yi komai daidai a IPv4 suna shan ƙin karɓa daga Gmail saboda saƙon ya bi ta IPv6 da ba shi da PTR, kuma mai sabar bai ma san ya bi ta can ba.

Idan yankinka yana karɓar imel a wani wuri yanzu, kada ka taɓa MX tukuna. Wannan shi ne mataki na ƙarshe.

Tsare injin da samun takardar shaida

Ka girka Debian ko Ubuntu mai dogon tallafi, ka hana shiga SSH da kalmar sirri, ka bar shiga da mabuɗi kawai, ka kuma kunna `unattended-upgrades` domin gyare-gyaren tsaro su riƙa shiga da kansu. A katangar tsaro ka buɗe 22 don SSH, 25 don sauran sabobi, 587 da 465 don masu aikawa daga waya ko kwamfuta, 993 don karanta saƙo ta IMAP, sai 80 don neman takardar shaida. POP3 ba lallai ba ne sai in wani yana buƙatarsa.

Takardar shaidar TLS, wato tsarin da ke ɓoye zancen da ke bi ta intanet, kyauta ce daga Let's Encrypt:

`certbot certonly --standalone -d mail.example.com --deploy-hook "systemctl reload postfix dovecot"`

Kashin ƙarshe na umarnin yana da muhimmanci. Takardun nan gajeren wa'adi gare su, a al'ada kwana 90, kuma certbot yana sabunta su da kansa, amma Postfix da Dovecot na iya ci gaba da riƙe tsohuwar har sai an sake loda su. Ranar da tsohuwar ta ƙare, wayoyin mutanenka za su fara kukan cewa ba su yarda da sabar ba, alhali sabuwar takarda tana kwance a faifai.

Postfix da Dovecot

Aikin ya kasu biyu. Postfix, wanda Wietse Venema ya rubuta aka kuma fitar a 1998, shi ke magana da duniya: yana karɓar saƙo, yana aikawa, yana riƙe wanda bai tafi ba a layi. Dovecot, na Timo Sirainen, shi ke ajiye saƙonni a faifai, ya tantance kalmar sirri, ya kuma nuna wa manhajar waya akwatinta. Akwai haɗaɗɗun tsare-tsare da ke ɗaure waɗannan wuri guda, kamar Mailcow da Mail-in-a-Box da iRedMail, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da su. A ganina dai, wanda zai riƙe saƙonnin wasu mutane ya dace ya haɗa sassan da hannunsa ko sau ɗaya ne, domin ranar da abu ya lalace zai san inda zai duba.

Muhimman layuka a `/etc/postfix/main.cf` su ne:

```
myhostname = mail.example.com
mydestination = localhost
mynetworks = 127.0.0.0/8 [::1]/128
virtual_mailbox_domains = example.com
virtual_mailbox_maps = hash:/etc/postfix/vmailbox
virtual_transport = lmtp:unix:private/dovecot-lmtp
smtpd_sasl_type = dovecot
smtpd_sasl_path = private/auth
smtpd_tls_security_level = may
smtp_tls_security_level = may
smtpd_relay_restrictions = permit_mynetworks, permit_sasl_authenticated, reject_unauth_destination
```

Layin ƙarshe da na `mynetworks` su ne suka fi kowanne haɗari. Ma'anarsu ita ce babu wanda zai aika saƙo zuwa waje ta sabarka sai injin kansa ko wanda ya shiga da kalmar sirri. Idan aka yi sakaci a nan, sabar ta zama gidan da ba shi da ƙyaure, kuma manhajojin masu shara da ke yawon lalube a intanet dare da rana ba za su daɗe ba su gano ta. Kada ka saka babban rukunin adireshi a `mynetworks` don kawai wata na'ura ta ƙi aikawa. Ka buɗe wa na'urar asusu nata.

Fayil ɗin `vmailbox` jerin adireshin da ke akwai ne, kuma amfaninsa ya wuce tsari. Da shi Postfix ke ƙin saƙon da aka aiko wa adireshin da babu tun ana tsakiyar magana da mai aikawa. In ba haka ba, zai karɓa, daga baya ya mayar da sanarwar gazawa zuwa adireshin da ke jikin saƙon, wanda a saƙon shara kusan kullum na jabu ne. Ta haka sabarka za ta riƙa damun mutanen da ba su aiko maka komai ba, sunanta ya ɓaci ba tare da kowa ya kutsa mata ba.

An bar TLS a matsayin `may` a ƙofa ta 25 saboda har yanzu akwai sabobin da ba sa iya ɓoye zance, kuma tilastawa na nufin rasa saƙonninsu. Ga mutanenka kuwa babu sassauci. A `master.cf` ka kunna sashen `submission` tare da `smtpd_tls_security_level=encrypt` da `smtpd_sasl_auth_enable=yes`, ka kuma kunna ƙofa ta 465 wadda ke fara TLS tun daga haɗuwa. Kada ka kunna shiga da kalmar sirri a ƙofa ta 25. Yana da kyau kuma ka saita `smtpd_sender_login_maps` tare da `reject_sender_login_mismatch`, domin kada mai asusu ɗaya ya aika saƙo da sunan wani.

A ɓangaren Dovecot, ka zaɓi tsarin Maildir, inda kowane saƙo yake fayil guda, domin ya fi sauƙin kwafa da gyarawa. Ka tilasta TLS da `ssl = required`, ka buɗe hanyoyin LMTP (ta nan Postfix ke miƙa wa Dovecot saƙo) da tantancewa a cikin `/var/spool/postfix/private/` yadda Postfix zai kai gare su, ka kuma samar da kalmomin sirri a ɓoye da `doveadm pw`. A lura cewa Dovecot 2.4, wanda ya fito a 2025, ya canza yadda ake rubuta saitinsa sosai, don haka ka duba sigar da kake da ita da `dovecot --version` kafin ka kwafi misali daga tsohon bayani. Kada ka manta da buɗe postmaster@ da abuse@; ƙa'idar SMTP ta wajabta na farko, ta na biyun kuma ake kawo ƙara idan sabarka ta fara ɓarna.

SPF da DKIM da DMARC

Tun daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu. Gmail yana son kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, da PTR ingantacce, da TLS, wanda kuma ke aika saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya haɗa SPF da DKIM da DMARC duka. Ko da ba za ka kai wannan adadi ba, ka yi ukun.

SPF rikodin TXT ne da ke faɗin injinan da aka yarda su aika da sunan yankinka. Ga sabar guda, `v=spf1 mx -all` ya isa. Rikodin SPF ɗaya tak ake yi wa yanki, kuma ƙa'idar ta iyakance binciken DNS da zai jawo zuwa 10, abin da ke kama masu jera `include` na kamfanoni barkatai. Raunin SPF shi ne yana karyewa idan wani ya tura saƙonka gaba daga wata sabar, domin adireshin da ya miƙa shi a ƙarshe ba naka ba ne.

DKIM ne ke cike wannan gurbi. Sabarka tana sa wa kowane saƙo hannu da mabuɗin sirri, kai kuma ka wallafa mabuɗin fili a DNS domin mai karɓa ya gwada, kuma sa hannun yana bin saƙon duk inda aka tura shi muddin ba a taɓa jikinsa ba. Rspamd yana yin wannan aiki. Ka samar da mabuɗi mai bit 2048 da `rspamadm dkim_keygen -b 2048 -s s1 -d example.com -k /var/lib/rspamd/dkim/s1.key`, ka saka abin da ya fitar a rikodin TXT mai suna `s1._domainkey.example.com`. Mabuɗin ya fi haruffa 255 da tsinke guda na TXT ke ɗauka, saboda haka ana raba shi gida biyu a cikin rikodi ɗaya. Wasu shafukan DNS suna yin rabon da kansu, wasu kuma sai ka yi, kuma nan ne kuskure ya fi faruwa.

DMARC yana ɗaure biyun da adireshin da mai karatu ke gani a layin mai aikawa. Bai isa a ce SPF ko DKIM ya ci jarrabawa ba, sai yankin da ya ci ɗin ya dace da yankin da ke wannan layi. Ka fara da rikodin TXT a `_dmarc.example.com` mai ɗauke da `v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com`. A wannan matsayi ba a hukunta kowane saƙo, amma manyan masu karɓa za su riƙa aiko maka rahoton duk injin da ya aika da sunan yankinka. Ka karanta rahotannin na wasu makonni, domin kusan kullum akwai abin da aka manta, kamar shafin yanar gizo mai aika sanarwa ko manhajar rasiti. Bayan ka shigar da su duka, sai ka koma `p=quarantine`, daga nan `p=reject`. Mai tsallakawa zuwa `reject` rana ɗaya yakan toshe saƙonnin kansa bai sani ba.

MTA-STS da DANE, waɗanda ke hana mai tare hanya rage ƙarfin TLS, suna da amfani, amma suna iya jira har komai ya zauna.

Shara mai shigowa

Ka haɗa Rspamd da Postfix ta layin `smtpd_milters = inet:localhost:11332`. Yana ba kowane saƙo maki: a saitin asali, maki 4 na jawo jinkirtawa, 6 na jawo alamar shara, 15 kuma ƙin karɓa. Ka bar waɗannan lambobi yadda suke a farko, ka sa Sieve, mai rarraba saƙonni a Dovecot, ya riƙa kai masu alama babban fayil ɗin shara, domin saƙon kirki da aka ƙi ya fi saƙon banza da ya shigo illa. Akwai tarko guda a nan: Spamhaus ba ya amsa tambayoyin da suka biyo ta manyan masu warware DNS na kowa da kowa irin 8.8.8.8, yana mayar da lambar kuskure, wadda sabar da ba a saita da kyau ba za ta iya ɗauka a matsayin laifin mai aikawa. Ka girka Unbound a kan injin ya zama mai warware DNS naka. Ka kuma saka fail2ban ya riƙa toshe adireshin da ke ta gwada kalmomin sirri.

Gwaji da sauya MX

Ka aika saƙo zuwa asusun Gmail, ka buɗe asalin saƙon, ka tabbatar SPF da DKIM da DMARC duka sun nuna PASS. Shafin mail-tester.com zai nuna abin da ya rage. Daga wani injin daban, ka yi amfani da swaks, manhajar gwajin SMTP, ka gwada aika saƙo zuwa wani yanki na waje ta ƙofa ta 25 ba tare da kalmar sirri ba. Amsar da ake so ita ce ƙi mai lamba 554. Idan ya wuce, ka tsayar da Postfix nan take.

Idan ƙaura kake yi, ka rage TTL na MX, wato tsawon lokacin da sauran injuna ke riƙe tsohon rikodin, zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka kwashe tsofaffin saƙonni da imapsync, ka sauya MX, sannan ka sake kwashewa domin tattara waɗanda suka faɗa tsohon wuri. A makonnin farko ka aika kaɗan kaɗan, zuwa mutanen da za su buɗe su amsa. Sabon adireshi ba shi da tarihi, kuma idan ya fara da ɗaruruwan saƙonni rana ɗaya za a yi masa kallon mai shara. Sanarwar talla ko wasiƙar jama'a mai yawa kada ta fita daga wannan adireshi ko kaɗan.

Kulawar yau da kullum

Abin da ya fi kashe ƙananan sabobi ba kutse mai zurfi ba ne, kalmar sirri guda ce da aka sace daga ɗaya daga cikin masu asusu. Ɓarawon zai shiga ta ƙofa ta 587 kamar mai gida, saƙonninsa su fita da sa hannun DKIM naka, kafin gari ya waye adireshinka ya shiga jerin baƙaƙe. Ka kunna sashen `ratelimit` na Rspamd ya iyakance yawan saƙon da asusu ɗaya zai iya aikawa cikin awa, ka kuma riƙa duba layi da `postqueue -p`. Layin da ya kumbura ba dalili alama ce ta farko. Idan abin ya faru, ka canza kalmar sirrin, ka tsayar da fita, ka share saƙonnin ɓarawon da `postsuper -d`, sai bayan ka toshe ɓarakar ka nemi a cire ka daga jerin. Wanda ya nemi cirewa bai gyara ba, komawa zai yi.

Ka koyi karanta kundin ayyuka, wanda ke `/var/log/mail.log` ko ta `journalctl` a sababbin sigogin Debian. Amsar da ta fara da 4 ta wucin gadi ce, Postfix zai ci gaba da gwadawa har kwana 5 a saitin asali. Wadda ta fara da 5 ƙi ne na dindindin, kuma yawanci tana zuwa da dalili a rubuce. Wannan haƙurin sake gwadawa na SMTP ne ya sa mutuwar sabarka ta 'yan awanni ba ta ɓatar da saƙo, kuma shi ya sa sabar MX ta biyu ba dole ba ce ga ƙaramin yanki. Sau da yawa ma ita ce masu shara ke nufa, don sun san tsaronta ya fi rauni. Ka yi rajista da Google Postmaster Tools da SNDS na Microsoft domin ganin yadda suke kallon adireshinka.

Sabuntawa ba abin jinkiri ba ne ko ga manhaja mai kyakkyawan tarihi. A Disambar 2023 an bayyana wata dabara ta cusa saƙon jabu cikin zancen SMTP ta hanyar wasa da alamar ƙarshen layi, wadda ta shafi sabobi iri-iri har da Postfix, kuma maganinta ya zo ne ta sabuntawa da saitin `smtpd_forbid_bare_newline`.

Kwafin ajiya ya ƙunshi akwatunan saƙo, da `/etc/postfix` da `/etc/dovecot` da `/etc/rspamd`, da mabuɗan DKIM, da jerin masu asusu. Restic ko BorgBackup suna ɓoye kwafin kafin su tura shi wani wuri daban, kuma wurin ya kamata ya zama a wajen kamfanin da sabar take. Lokaci zuwa lokaci ka dawo da akwati guda a wani injin ka buɗe shi, ka ga ko saƙonnin suna nan. Ka sa ido a kan cikar faifai, domin Postfix yana daina karɓar saƙo idan wuri ya yi ƙaranci. Adireshin da za a riƙa aiko maka da gargaɗin faifai, da na ƙarewar takardar shaida, da sanarwar kamfanin haya da na mai rajistar sunan yanki, ya kasance a wata sabar daban da wannan, sannan ka kunna sabunta rajistar yankin ta atomatik tare da tantancewa mai mataki biyu a asusun.